Haƙuri daban, shiru daban

'Yata,

Saƙonki ya iso, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na zauna amsa miki. Kin ce tun kina ƙarama kike jin manya na cewa damuwa a ciki ake barinta, mai hankali ba ya faɗin abin da ke ransa. Yanzu ga shi kin yi watanni cikin ƙuncin da ba ki san mafarinsa ba, barci ya ƙaurace miki, kuma kina tsoron faɗa kada a ce ba ki da haƙuri ko imaninki ya yi rauni. Kin tambaye ni ko wannan al'ada daidai ce.

Ni dai abin da na gani da idona, manyanmu ba su ce kada a gaya wa kowa ba. Abin da suka hana shi ne kai sirri ga wanda zai yi dariya ko ya yaɗa shi. Kowace dattijuwa da na sani tana da mutum ɗaya ko biyu da take zuwa wurinsu ta amayar da abin da ke cinta, ta yi kukanta, ta share hawaye. Mu yara fitowarta kawai muke gani, fuska a sake, sai muka ɗauka ba ta taɓa buɗe baki ba. Rabin al'adar muka gada, muka bar rabin da ke sanyaya zuciya.

Batun imani kuwa, ki tuna Annabi Yaƙub. Ya ce zai yi kyakkyawan haƙuri, amma baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya sa idanunsa suka yi fari, kuma ya furta cewa yana kai kukansa ga Allah. Wa zai ce imaninsa ya gaza?

Bari in gaya miki abin da ban taɓa faɗa miki ba. Bayan haihuwata ta biyu na yi kusan wata biyar ba ni da walwala. Jaririn na kuka, ni ma ina kuka, ina jin kamar ban cancanci zama uwa ba. Duk wanda na soma yi wa bayani sai ya ce in gode wa Allah da na sauka lafiya. Na gode masa, amma nauyin bai ragu ba. Sai bayan shekaru na ji cewa ciwo ne sananne da likitoci ke kira ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma yana kama fiye da mace 1 cikin 10. Da na sani a lokacin, da ban ɓata waɗannan watanni ina zargin kaina ba. Wannan ne ya sa ba zan ce miki ki yi shiru ba.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawansu fargaba da ciwon damuwa. Tun 1992 aka ware 10 ga Oktoba a kowace shekara don tunawa da wannan fanni na lafiya.

Jiki da zuciya ba sa rabuwa. In mutum ya daɗe cikin tashin hankali, jikinsa yakan riƙa fitar da sinadaran da aka tanada don lokacin haɗari, zuciya ta riƙa bugawa, wuya da kafaɗa su ƙage, kai ya yi ta ciwo. Shi ya sa nake so ki fara da barci, don shi ne ginshiƙi. Babba na bukatar awa 7 zuwa 9. Ki tsayar da lokacin kwanciya guda, ki ajiye waya nesa da shimfiɗa kamar awa ɗaya kafin nan, domin haskenta da labaran cikinta suna hana ƙwaƙwalwa sauka. Da safe ki fita ki taka da ƙafa ki sha hasken rana, ko da minti 30 ne, kwana biyar a mako. Ki kuma koyi cewa "ba zan iya ba" in an ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki. Na san wannan zai yi miki wuya, don tun kina ƙarama ba kya iya ƙin aike.

Amma akwai inda waɗannan ba sa wadatarwa. In ƙuncin ya wuce mako biyu kusan kullum, abin da kike so a da ya daina burge ki, cin abinci ya canza, aiki ya gagara, to lokacin ganin likita ya yi, kuma naki ya riga ya wuce haka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ki gaya masa komai yadda yake. Wani lokaci magana da ƙwararre ta isa, wani lokaci sai an haɗa da magani, kuma maganin kan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, don haka kada ki yanke shi da kanki. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi, ki kira ni a wannan sa'ar ko tsakar dare ne.

Ki nemi ganin likitan cikin makon nan. In kina jin nauyin zuwa ke kaɗai, ki faɗa mini ranar, zan raka ki. Mahaifiyarki ba za ta ji daga bakina ba sai kin yarda.

Goggonki