Gida-gida ake saƙa dodon gem

'Yata, na duba abin da kika saƙa, na kuma ji tambayarki: me ya sa dodon da kika kwafo daga tsohon gem, wato wasan bidiyo, don ki saƙa shi a bargo ya fito a baje kamar an zauna a kansa, kuma ko ki lanƙwasa masa kusurwoyi ya ɗan yi kyan gani? Ajiye kwarashin nan tukuna, miƙo mini tef ɗin awo.

Hannunki ba shi da laifi. Auna santimita 10 a kwance ki ƙirga ƙullin da ke ciki, sannan ki auna 10 a tsaye ki ƙirga layuka. Kin ga layukan sun fi yawa? To, a gajeriyar saƙa kowane ƙulli faɗinsa ya ɗara tsayinsa. Shi kuwa hoton gem, da 'yan gidaje aka gina shi, waɗanda ake kira fiksel, kowanne tsayinsa da faɗinsa ɗaya, kamar gidajen littafin lissafi na 'yan firamare. Ke kin ba kowane gida ƙulli ɗaya, dole dodon ya gajarce ya baje.

Maganar lanƙwasa kusurwa kuwa, ki bar ta, ban yarda ba. Wannan dodon mai kama da ƙaguwa na gem ɗin Space Invaders ne, wanda Tomohiro Nishikado ya yi wa kamfanin Taito na Japan a 1978. Gida 11 ne a kwance, 8 a tsaye, shi ke nan. Injinan lokacin ba su iya ɗaukar zane mai yawa, don haka babu gidan da aka sa a banza. Ko gashin bakin Mario, jarumin wani tsohon gem, an yi masa shi ne saboda zana baki a 'yan gidajen nan yana da wuya, hularsa kuma ta hutar da masu yin gem ɗin zanen gashi. Idan kika goge tsinin nan, wanda ya buga gem ɗin yana yaro zai kalli bargon bai gane kowa ba, alhali don ya gane ya yi murmushi ya kawo miki aikin.

Ga yadda za ki yi. Kowane gida ki saƙa shi daban, ɗan murabba'i mai santimita 10 kowane gefe. Ki ƙara gida biyu-biyu na fili a kewayen dodon, ya zama 15 a kwance, 12 a tsaye. Gida 180 ke nan, bargo mai santimita 150 da 120 kafin ki yi masa baki. A ciki 46 ne jikin dodon, sauran 134 fili ne. Zana shi a takarda mai gida-gida ki cike da biro, ki ƙirga da kanki, kada ki dogara da bakina. Idanunsa biyu da launin fili za ki yi su, a nan masu koyo suka fi mantawa.

Ulun fili ki saye shi rana ɗaya, a wurin mutum ɗaya, ki duba lambar rinin da ke jikin takardar ta zama iri ɗaya. Na taɓa ƙaro baƙin ulu ana tsakiyar aiki, a ɗaki ban ga bambanci ba, sai da na shanya bargon a rana na ga rabinsa ya ja zuwa toka. Kwana uku na yi ina warwara, raina a ɓace. Kuma baƙin ulu da rana ake saƙa shi, da dare ido ba ya ganin inda kwarashi zai shiga.

Kwali ɗaya za ki yanka daidai awon, duk gidan da kika gama ki ɗora shi a kai. Wanda ya ɗara ko ya gaza, warware shi nan take, domin rabin santimita a gida ɗaya ba komai ba ne, amma a jere 15 sai ya karkatar da layi gaba ɗaya. Bakin zaren ma ki cusa shi da allura kina gama kowanne. Biyu-biyu ne, idan kika tara sai kin tarar da 360 suna jiranki.

Akwai wata hanyar, wadda ake farawa daga kusurwa ana hawa a karkace har ɗaya kusurwar, ba a haɗa komai. Tana da sauri, sai dai zarurruka suna sarƙewa. Sai hannunki ya faɗa zan nuna miki.

In sun cika, shimfiɗa tabarma ki jera su kamar yadda suke a takarda, ki koma bakin ƙofa ki hango. Daga nesa ne gidan da ya ɓata wuri yake nuna kansa. Sannan ki ɗinke su layi-layi ta baya da ulun fili, kada ki ja zaren har ya tattare. Yau dai ki yi mini gida biyar, ki kawo su da kwalin mu auna kafin la'asar.