Tattara rubutun mujallar faifai ta WhatsApp

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙungiyarku ta masu tsofaffin kwamfutoci a Aboabo, Kumasi, za ta iya karɓar rubuce-rubucen mujallarta ta faifai (wadda ake sawa a faifan kwamfuta, a karanta ta a Commodore 64) ta hanyar WhatsApp, maimakon kowa ya kawo nasa hannu da hannu. Za ta iya ƙwarai. Wanda ke Tafo ko Asawase ba sai ya shiga trotro don ya miƙa shafi biyu ba. Idan an gama haɗa fitowar ma, ku tura fayil ɗinta na .d64, wato kwafin faifan gaba ɗaya, cikin zaurenku na WhatsApp, kowa ya kwafa a nasa faifan.

Sharaɗin dai shi ne a samu mutum ɗaya mai tace rubutu kafin ya hau faifai, domin waya da Commodore 64 ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Injin nan na 1982 haruffa 40 kacal yake nunawa a layi, kuma bai san ƙ, ɗ da ɓ ba, balle emoji. Na ga wata fitowa da aka zuba saƙonnin kai-tsaye: duk inda aka rubuta "ƙungiya" sai wasu zane-zane marasa kan gado suka fito. Mai tacewa ya mayar da su k', d' da b', ya yanke layukan. Hotunan waya kuwa a bar su a zauren, tunda gefe ɗaya na faifan kilobayit 170 ne kawai.