Tambaya da Amsa: Ina Asalin Sunan Powell?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta kaure a majalisarmu kan sunan Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka daga 2001 zuwa 2005. Wasu sun ce sunan na Ingila ne, wasu sun ce na Wales, maƙwabciyar Ingila a cikin Birtaniya. Wanne ne daidai, kuma me yake nufi?
Mai karatu daga Ƙofar Mata, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Masu cewa Wales su ke da gaskiya. Can da, mutanen Wales ba su da sunan zuri'a, kowa da sunan mahaifinsa ake kiransa, kamar yadda muke cewa wane ɗan wane. Kalmarsu ta "ɗan" ita ce ap, idan kuma sunan uba ya fara da wasali sai ta koma ab. Mace kuwa ferch ake sa mata, wato 'yar wane. Powell asalinsa ap Hywel ne, ɗan Hywel. Da baki ya saba, sai wasalin farko ya faɗi, harafin p ya manne wa sunan. Haka ap Rhys ya zama Price, ap Huw ya zama Pugh, ab Owain ya zama Bowen. Shi Hywel tsohon suna ne mai ma'anar fitacce, har suna da sarki Hywel Dda, wato Hywel Nagari, wanda ake danganta tsoffin dokokin ƙasar da shi a ƙarni na 10.

Abin da ya tsayar da sunan wuri ɗaya shi ne mulkin Ingila. Dokokin 1535 da 1542, zamanin Sarki Henry na Takwas, sun shigar da Wales ƙarƙashin shari'ar Ingila, su kuwa magatakarda suna ɗaya suke so ga kowane gida. Masu filaye suka fara bi, mutanen karkara suka ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin su saki tsohuwar al'ada. Mu Kanawa mun san irin wannan: Ɗantata laƙabin mutum ɗaya ne, Alhaji Alhassan, yau ga shi sunan zuri'a guda.

Inda masu bin salsala suke tuntuɓe shi ne ɗaukar duk Powell a matsayin dangi. Ba haka ba ne. Hywel suna ne gama-gari, gidaje da yawa da ba su haɗa jini ba sun wayi gari da suna iri ɗaya. Kuma in ka koma tsoffin littattafan coci, za ka ga suna yana sauyawa daga uba zuwa ɗa: Rhys ap Hywel ya haifi Huw ap Rhys, jikoki su fito da Price ko Pugh. Rajistar haihuwa ta gwamnati a Wales sai a 1837 ta fara, don haka in kana neman wanda aka haifa kafin wannan shekara, dole ka haɗa sunansa da sunan gona da na ƙauye.

Shi Colin Powell iyayensa daga Jamaika suka je Amurka. A Jamaika da tsibiran da ke kusa da ita, sunayen Birtaniya da yawa sun shiga gidajen baƙar fata ne ta hanyar masu gonakin da suka mallaki bayi.