Tambaya da Amsa: Ko aikin ba lauyoyi shawara kan juri zai riƙe mutum?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe ta digiri a fannin halayyar ɗan'adam a wata jami'ar Amurka. Na ji akwai masu ba lauyoyi shawara kan yadda za su shawo kan juri, kuma ba sai sun karanta shari'a ba. Sana'a ce da zan iya dogara da ita? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sana'ar tana nan, karatunki kuma ya dace da ita, sai dai ƙofarta ƙarama ce.

Ga masu karatun da ba su saba ba, juri mutanen gari ne da ake zaɓo wa kotu su saurari shari'a su yanke hukunci. Aikin ba lauyoyi shawara kan juri ya samo asali ne a 1972, a shari'ar wasu mutum bakwai masu adawa da yaƙin Biyetnam a garin Harrisburg na Amurka. Wani masanin zamantakewa, Jay Schulman, ya binciki ra'ayoyin mutanen yankin don taimaka wa lauyoyin da ke kare su wajen zaɓen juri, kuma jurin ya kasa cimma matsaya kan manyan tuhume-tuhumen. A 1982 aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta Amurka, ASTC. Shari'ar 1995 ta O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan da aka tuhuma da kisan kai, inda mai ba da shawara kan juri Jo-Ellan Dimitrius ta yi wa ɓangaren kariya aiki, ita ta sa duniya ta san su.

To amma kada talabijin ya ruɗe ki. Zama a kotu ana karantar fuskokin mutane ƙaramin yanki ne na aikin, ni kuwa ban ma cika yarda da masu ikirarin iya hakan ba. Galibin aikin kafin ranar shari'a ake yin sa. A ɗauko mutane a biya su, a gabatar musu da shari'ar gwaji, a ji inda hujja ta shige su da inda ta ɓace musu. A rubuta tambayoyin tantance juri. A zauna da mai ba da shaida har ya iya faɗin gaskiyarsa ba in-ina. Wani lokaci a yi ƙidayar ra'ayi don nuna wa alƙali cewa garin ya riga ya yanke hukunci a zuci, a nemi a kai shari'ar wani wuri. Kuma doka ta sa iyaka: tun hukuncin Batson na 1986, Kotun Ƙolin Amurka ta hana cire mutum daga juri saboda launin fatarsa, a 1994 ta ƙara da jinsi.

Abin da ya fi damuna game da makomarki shi ne shari'o'in kansu na raguwa. Binciken Farfesa Marc Galanter ya nuna cewa a 1962 kashi 11.5 cikin ɗari na ƙararrakin da ba na aikata laifi ba a kotunan tarayya ne suka kai ga zaman shari'a, a 2002 sai ga shi ya koma 1.8. Yawanci sulhu ake yi, ko alƙali ya rufe ƙara tun kafin nan. Kuɗin yana wajen manyan kamfanoni masu rigimar miliyoyin dala, su ne ke iya biyan shari'ar gwaji don su san ko su yi sulhu. Kasuwar kuma ta Amurka ce; ko a Ingila, inda akwai juri, tun 1988 aka soke 'yancin wanda ake tuhuma na cire mutum daga juri ba tare da dalili ba.

Ba a buƙatar lasisi, don haka suna da amincewar lauyoyi ne jarinki. Da yawa daga cikin manyan suna da digiri na biyu ko na uku. Shawarata, ki ƙware a lissafin ƙididdiga da tsara bincike, ki riƙa zuwa kotu kina kallon yadda ake tantance juri, sannan ki nemi aikin mataimakiyar bincike a ɗaya daga kamfanonin masu wannan sana'ar. Ki shirya wa yawan tafiye-tafiye da aikin dare idan shari'a ta matso. In ƙofar ba ta buɗe ba, ƙwarewar nan za ta yi miki aiki a kamfanonin binciken kasuwa da na ra'ayin jama'a.