Tambaya da Amsa: Wai fara ma sai an kare ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a yankin Kujama, ina noman rogo da masara, da rani kuma ina ɗan lambu a bakin rafi. Duk shekara wata fara mai zanen baƙi da rawaya da ja, mai wari, tana cinye mini ganyen rogo. Bara na yi feshi har da ciyawar gefen gona, na kuma banka wa sauran wuta. Ɗana da ke karatu a Zariya ya ce na yi ɓarna, wai akwai farar da ya kamata a kare. Malam, fara fa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a noma. Ɗanka ya faɗi gaskiya, amma kai ma kana da hujja, domin wanda ya tarar da rogonsa ya koma sanda ba za a ce masa ya yi haƙuri kawai ba.

Dangin fara da gyare a duniya sun haura iri 25,000. A cikinsu masu yin dandazo su rufe sama, irin farar ɗango, ba su kai ashirin ba. Ita ce ta addabi Nijar da Mali da Muritaniya a 2004, kuma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa taron da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya na iya cin abincin mutum 35,000 a yini. Wannan kam annoba ce, yaƙinta na gwamnatoci ne. Amma yawancin farar da ke tsalle a gabanka in kana ratsa ciyawa ba ruwanta da amfaninka. Wata ciyawa kaɗai take ci, wata kuma tsiro ɗaya ta riƙe, kamar farar tumfafiya da ke rayuwa a kan tumfafiya.

Wadda ka kwatanta ita ce masana ke kira Zonocerus variegatus, kuma lallai maɓarnaciya ce ga rogo da kayan lambu. Zanenta gargaɗi ne ga tsuntsaye, don tana tara guba a jikinta daga wasu tsirrai da take ci. Sai dai tana da rauni biyu da manomi zai ci moriyarsu. Matan sukan taru wuri guda su binne ƙwai a ƙasa, galibi a inuwa kusa da gonar rogo, kafin damina ta kankama. In ka lura da inda suke taruwa, ka sa fartanya ka tone wurin, rana da tururuwa za su gama da ƙwan. 'Ya'yan kuma, idan suka ƙyanƙyashe wajen ƙarshen damina, sukan cunkushe a kan 'yan tsirrai kaɗan. Ka je da sassafe lokacin da sanyi ya kama su, ka kakkaɓe su cikin bokitin ruwan sabulu. In ma feshin ya zama dole, a kan wannan cunkoson za ka yi shi. Ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa yana rage musu cin ganye.

To me ka kashe a gefen gona? Abin da ya fi damuna ke nan. A cikin ciyawar nan akwai wasu koraye masu kama da ganye, masu siraran gasu biyu a ka da sukan fi jikinsu tsawo, waɗanda kake jin kukansu da dare a damina. Namiji ne ke goga fikafikansa don kiran mace, ita kuma da kunnuwan da ke ƙafafunta na gaba take jin sa, ikon Allah. Da yawa daga cikinsu na cin ƙananan ƙwarin da ke tsotse amfani. Sauran farar ciyawa kuwa su ne abincin zabi da kaji da belbela da shamuwa da ƙadangaru. Idan maƙiyan fara suka rasa abinci suka bar wurin, maɓarnaciyar ce ke fara dawowa, kuma ta tarar babu mai tare ta. Wutar ma ba ta cika kai wa ga ƙwan da ke binne ba, sai ta cinye mafakar masu taimaka maka.

Kada yawan fara ya sa ka ɗauka ba ta ƙarewa. A Amurka an yi wata fara da ta rufe sama a 1875, amma tun 1902 ba a sake ganin ko ɗaya da rai ba, kuma masana da dama na ganin nome kwarurrukan da take ƙwai ne ya gama da ita. A Turai, ƙididdigar da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta yi a 2016 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren fara da gyare na can na cikin haɗarin ɓacewa. Mu nan, daga tsaunukan Kagoro zuwa dajin Kamuku na Birnin Gwari, muna da ciyayi iri-iri, kuma gine-gine da saran itace da maganin ciyawa na cinye su a kan idonmu.

Akwai kuma maganar ciki. Mu masu cin soyayyiyar fara da yaji ne, don haka kada a tsinci fara a gonar da aka yi wa feshi, kada kuma a bar kaji su tsince ta. An samar da magani daga wani naman gwari mai suna Metarhizium, wanda aka samo asalinsa a Nijar, ana sayar da shi da sunan Green Muscle. Fara yake kamawa, ba ya cutar da tsuntsaye da dabbobi, sai dai yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ya kashe. Ka tambayi malamin gona na yankinku, ko ɗanka ya leƙa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya ji ko ana samunsa.

Bana ka bar ɗan zirin ciyawa a iyakar gona da bakin rafi, ba feshi ba wuta, ka nemi wurin ƙwan mai warin tun kafin ruwa ya sauka.