Amsa ga 'yata kan adu'ar shekarar Inna

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce ku jikoki kun haɗa kuɗi za ku buga riguna da hoton Kakarku don adu'ar shekara, ku kafa rumfa da lasifika, sannan kina tambaya ko dole ne a soya masa, tunda ana iya tura wa malamai kuɗin ta momo, wato ta waya, kowa ya huta. Maganar momo ta ba ni dariya, amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai. Ke ce fa kika fi kowa zama gindin tandarta kina jiran ta fari.

Na san inda kuka gano rigunan. Da Tonawa, wato Ashantawa, muka tashi a Kumasi, muna ganin yadda suke karrama mamacinsu: zaman sati ɗaya, jan zane da baƙi ranar Asabar, allon hoto a bakin titi. Al'adarsu ce, kuma da mutunci suke yinta. Inna ba ta taɓa ƙin zuwa gaisuwar Batone ba, takan kai gudummawarta ta dawo ta yi sallarta. Mu kuwa kafin rana ta faɗi mun kai namu maƙabartar Tafo, sai adu'ar uku da bakwai da arba'in. Ko su ɗin ma bakin malamai bai haɗu ba, wasu na yi, wasu na cewa bidi'a ce. Wannan ki tambayi masu ilimi. Ni Inna na sani.

A Nuwamban 1969, ina 'yar talla, gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya bar ƙasa. Zango, unguwanninmu na baƙi, ya ruɗe, daga Aboabo har Asawase. Kakanmu ayarin goro ya biyo ta Salaga, Inna kuma a Kumasi aka haife ta, amma a kwanakin nan wa ke tambayar inda aka binne cibiyarki? Mutane suka baje kayan ɗakinsu a ƙofar gida, keken ɗinki, gadon ƙarfe, kwalla, ana saye a wulaƙance. Inna ta tara mu ta ce ko cokali kada wani ya shigo mata da shi. Ta ce kayan mai kuka ba ya albarka.

Muna da maƙwabciya Bayarabiya, mutuniyar Ogbomosho, musulma, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Daren da za su tashi, bayan isha'i, sai ga ta da akwatin ƙarfe a ka da goyo a baya. Ta sauke a tsakar gida ta ce Inna ta ba ta ko nawa ne, mota ba za ta ɗauka ba. Inna ta ce ba ta saya. Matar ta fashe da kuka, ta zaci ƙi ne. Sai Inna ta kama hannu ɗaya na akwatin, ta ce in kama ɗayan, muka tura shi ƙarƙashin gadonta. Ta ce wa matar ta kulle da kanta ta tafi da makullin. Ta kwance bakin zane ta ba ta cinikin ranar duka. Daga nan ta hura wuta. Ƙullun da aka dama don tallan gobe, shi ta zauna ta soye tas, ni ina juyawa, Babanki yana riƙe da fitila yana gyangyaɗi. Kafin assalatu mun cika kwando. Na bi su har tasha da shi a kaina, na ga yara a saman kaya cikin babbar mota, kowa da masa a hannu, mai na naso a yatsunsu. Har yau in na ji ƙamshin ƙullu ya kumbura, safiyar nan nake gani.

Akwatin ya zauna. A 1983 aka yi fari, wutar daji ta cinye gonaki, Najeriya kuma ta koro 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, gidanmu ya cika da 'yan'uwan da suka dawo daga Legas hannu rabbana. Akwai ranar da ko koko ba mu dama ba. Wasu dangi suka ce a fasa kwaɗon, ai mai shi ta manta. Inna ta ce ta gwammace ta kwana da yunwa da ta tashi gobe kiyama da akwatin wata a kanta.

Sai bayan haka wata mata ta yi sallama, da makulli ɗaure a zare. Goyon nan ce ta girma, uwar ta rasu. Inna ta sa ta buɗe a gaban mutane, ta ƙirga atamfa turmi-turmi da sarƙar zinariya. Tun daga ranar, masar da take raba wa yaran unguwa kowace Juma'a don iyayenta, ta ƙara da sunan matar a cikin adu'a. Kakarmu takan ce alheri gadon barci ne, Inna kuma ta riƙe maganar har ta koma.

Abin da ke damuna da adu'ar yanzu, malam na karatu, mata na duba ɗinkin yayi, samari na ɗaukar hoto, marayan da ke bayan gida bai samu ko masa ɗaya ba. Riga kuma in ta tsufa, da ita ake goge babur. Fuskar matar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa don kunya.

Ban ce kun yi laifi ba, ƙauna ce ta sa ku, Allah ya yi muku albarka. Zancen riguna ki kai wa Baffanki, shi ne babba. Ke dai ki zo Laraba da yamma mu jiƙa shinkafa, ki taho da ƙannenki mata su koyi juyi. Ki kuma ce wa Babanki ya nemo lambar matar nan ta Ogbomosho, don ita ma ya kamata ta san ranar.