Dodannin wasan tebur masu sauƙin kuɗi a Jidda

Ɗan'uwa, ka ce kuna buga Dungeons & Dragons (wasan tebur na jarumai da dodanni) a Jidda, kana neman ƙananan mutum-mutumin dodanni waɗanda ba za su cinye maka albashi ba.

Ka fara duba girma. Kowane gida a taswirar wasan inci 1 ne, kusan milimita 25. Mai girman mutum gida ɗaya yake ci, babban dodo kuwa gida 2 tsaye, 2 kwance. In gindin dodon bai dace da gidan ba, arha ta zama asara.

Ni dai dodannin Reaper Bones na fi saya. Na roba ne, sun fi na ƙarfe araha, kuma ko yara sun yar da su ba sa karyewa. Matsalarsu zafi. Na taɓa barin nawa cikin mota da azahar, na tarar takubban duk sun lanƙwashe. Maganin shi ne ka tsoma dodon a ruwan zafi, ka miƙe shi, ka jefa a ruwan sanyi. Na kamfanin WizKids marasa fenti kuma da shimfiɗar farko suke zuwa, fenti kawai za ka shafa.

Ƙananan mayaƙan da ake kashewa cikin minti biyu, kada ka ɓata riyal a kansu. Pathfinder Pawns, wato hotunan dodanni a kan kwali, sun wadatar. Gizo-gizo da macizai kuwa, leƙa shagunan kayan arha da ake kira Abu Riyalain, ɓangaren kayan wasan yara.

In daga waje za ku yi oda, ku haɗa kuɗi ku yi sau ɗaya, don kuɗin aikowa yakan fi kuɗin dodon kansa.